Minti 15 na Isma'ila Mabo

A gidan kallon ƙwallo kowa koci ne. Da zarar an zura wa kulob ɗin mutum biyu a raga, za ka ji muryarsa daga benci na can baya yana ba da umarni: a cire wane, a sako wane, wannan kocin bai san aikinsa ba. Yaron da ko ƙungiyar layinsu bai taɓa jagoranta ba zai zayyana maka kurakuran Guardiola ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa maka canjin da ya kamata Ancelotti ya yi tun minti na 60. Ba laifi, daɗin kallon ke nan. Amma bari a tafi hutun rabin lokaci, mai gida ya rage ƙarar talabijin, ka jefa wa jama'a tambaya: wane koci ne, shi kaɗai har yau, ya taɓa kai wata ƙasar Afirka sahun ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta mata? Da wuya ka samu mai amsa maka. Ga shi kuwa mutumin namu ne. A Jos aka haife shi, a Jos ya yi tashensa, a Jos ya koma ga Mahaliccinsa. Sunansa Isma'ila Mabo.

Yabon gwani ya zama dole, sai dai yabon da bai nuna inda gwanintar take ba kirari ne kawai, kuma aikin koci yana da wuyar nunawa. Ɗan wasa in ya yanke mutum uku ya ɗaɗa ƙwallo a raga, ko makaho ya ji ihun. Shi kuwa koci a bayan ƙofa yake yin mafi yawan aikinsa, a filin atisaye da sassafe, a sansani, a ɗakin sauya kaya inda kyamara ba ta shiga. Dole sai an bi sawu, yadda maharbi ke duba ƙasa da safe ya gane abin da ya gitta da dare. Sawun Mabo yana nan a sakamakon wasanni huɗu da Super Falcons, ƙungiyar mata ta Najeriya, ta buga a kofin duniya a Amurka a 1999. Ka ware rabin farko na kowane wasa ka haɗa su wuri guda: Najeriya ta ci 2, an ci ta 9. Ka haɗa rabi na biyu: ta ci 6, an ci ta 2. Ƙungiyar ita ce dai, filin shi ne dai, abokan karawar ma ba a sauya su ba. Abin da ya shiga tsakani minti 15 ne a ɗaki, tare da wani dattijo mai shekara 54 da ya yi ƙuruciyarsa yana tsaron baya.

An haife shi ranar 15 ga Yuli, 1944, zamanin da haƙar kuza ta tara mutane daga kowane lungu na Najeriya a kan tsaunin Filato. Garin da ya zaunar da Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe a unguwa ɗaya, ya ba su fili da iska mai sanyi, ba abin mamaki ba ne in ya zama matattarar 'yan ƙwallo. Can Sam Garba Okoye ya fito, can Mikel Obi da Ahmed Musa suka fito daga baya. Mabo ya yi wasansa a Mighty Jets, ƙungiyar da Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, wadda ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. Ya kuma sa rigar Green Eagles, kamar yadda ake kiran ƙungiyar Najeriya a wancan lokaci. Gurbinsa tsakiyar baya.

Wannan gurbi makaranta ce mai zaman kanta. Ɗan gaba damuwarsa ɗaya, ƙwallo ta iso ƙafarsa ya juya ya fuskanci raga. Mai tsaron baya na tsakiya kuwa fili gaba ɗaya a gabansa yake shimfiɗe, kamar mai duban gona daga kan tudu. In ya ƙware, yakan daina bin ƙwallo da ido, domin ita kowa na ganinta. Yana duban wanda ke gudu ba tare da ita ba. Yana duban ramin da ya buɗe sa'ad da ɗan bayan gefe ya hau gaba bai dawo ba. Yana auna tazarar da ke tsakaninsa da 'yan tsakiyarsa, taku goma ce ko ta kai ashirin, domin a wannan tazarar abokin gaba ke samun wurin juyawa. Bakinsa kuma ba ya hutawa: matso, bar shi, bayanka, fito. Shi ke jan layi gaba don a kama abokin karawa da satar gida, shi ke mayar da shi baya in ya hango mai gudu. Ɗan gaba in ya ɓarar, kafin a tashi an manta. Shi in ya yi kuskure, a allon sakamako ake rubutawa. Wanda ya daɗe a nan ya koyi gane ɓaraka tun kafin ta zama ƙwallo, ya kuma koyi faɗin gyaranta a kalma biyu, domin ba lokacin ta uku. Koci bai da kayan aikin da suka fi waɗannan.

Mighty Jets ta koya masa wani abu kuma, ta hanya mai ɗaci. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 1972 a Legas, Bendel Insurance ta Benin tana gaba da ci 2 da nema, lokaci ya kusa cika, Sam Garba ya farke duka biyun. Aka sake wasan a Ibadan, Jets ta sha kashi da ci 3 da 2. A 1974 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Enugu ta doke ta. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya san zafin a kai bakin gaɓa sannan kwale-kwale ya kife. Ya kuma san cewa muddin alƙali bai hura tashi ba, ci biyu ba komai ba ne.

Kafin ƙungiyar mata ta zo hannunsa ta je kofin duniya sau biyu. A 1991 a ƙasar Sin, ƙarƙashin Bonfrere Jo, Baturen Holan ɗin nan da daga baya ya ci wa maza zinare a Olamfik na Atlanta, ta sha kashi a wasa uku ba ta ci ko ɗaya ba. A 1995 a Suwidin, ƙarƙashin Paul Hamilton, Norway ta yi mata 8 da nema, ta yi canjaras 3 da 3 da Kanada, Ingila ta doke ta 3 da 2. Wasa shida, babu nasara ko guda.

Kocin ƙungiyar ƙasa ba shi da kasuwa. Na kulob in ya rasa ɗan baya sai ya sa a sayo masa, na ƙasa kuwa da abin da ƙasar ta haifa zai yi miya. A shekarun 1990 ƙwallon mata a Najeriya a wuyan ɗaiɗaikun masu sha'awa da 'yan kulob ƙalilan take: Jegede Babes ta Gimbiya Bola Jegede a Legas, Ufuoma Babes a Warri, Rivers Angels a Fatakwal, Pelican Stars a Kalaba. Daga irin waɗannan ake tsinto 'yan wasa, a tara su a sansani, a ce koci ya ɗaure su su zama tsintsiya ɗaya. Da yawansu a titi suka koyi ƙwallo, cikin yara maza, don haka ga ƙarfi, ga gudu, ga yanka, ga rashin tsoro. Abin da titi ba ya koyarwa shi ne tsayuwa, wato ina ya kamata in kasance sa'ad da ƙwallo ba ta wurina. A wasan minti 90, 'yar wasa ba ta riƙe ƙwallo na abin da ya wuce 'yan mintoci ƙalilan in an tattara. Duk sauran lokacin tsayuwa ce da motsi, kuma nan ne hannun koci yake.

An ga hannun nasa a watan Oktoba na 1998, a gasar mata ta Afirka da aka yi a Kaduna da Abeokuta. Maroko ta sha 8, Kwango 6, Masar 6, Kamaru 6 a wasan kusa da na ƙarshe, Ghana 2 a na ƙarshe. Ƙwallo 28, kuma ba a zura wa Najeriya ko ɗaya ba. Jama'a 28 ɗin suka riƙe. Tsohon mai tsaron baya kuwa, in ka tambaye shi, sifirin ne abin alfahari.

Sai dai a cikin wannan daɗi akwai tarko. Ƙungiyar da ba wanda ya taɓa matsa mata a gida ba ta san inda take da rauni ba, tunda ba a taɓa danna wurin ba. Wasan farko a Amurka bai tona wannan ba. Ranar 20 ga Yuni, 1999, a filin Rose Bowl na Pasadena, aka tafi hutu ba ci, aka dawo Mercy Akide ta ci Koriya ta Arewa a minti na 50, Koriya ta farke a na 74, Rita Nwadike ta ƙara a na 79. Nasarar Najeriya ta farko ke nan a tarihin gasar. A ranar Mabo ya sa wata yarinya, Ifeanyi Chiejine, mai shekara 16 da kwana 34, kuma har 2023 ba a samu wadda ta fi ta ƙarancin shekaru a gasar ba. Sa irin wannan yarinya a irin wannan fili ba ƙaramar shawara ba ce. In ta yi kyau a yaba mata, in ta lalace a zagi koci.

Kwana huɗu bayan haka, a Soldier Field na Shikago, gaban 'yan kallo sama da 65,000, aka danna wurin. Nkiru Okosieme, wadda ake yi wa laƙabi da Headmistress saboda iya ƙwallon ka, ta ci Amurka a minti na 2, fili ya yi tsit. Najeriya ta riƙe har minti na 19, sannan ƙwallo ta taɓa yarinyar nan Ifeanyi ta faɗa ragar gida. Minti guda bayan nan Mia Hamm ta ci, a na 23 Tiffeny Milbrett ta ƙara. Kafin a tafi hutu ana 6 da 1. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, domin wannan ƙungiya ta Tony DiCicco ita ce ta ɗauki kofin ranar 10 ga Yuli gaban mutum 90,185. A rabi na biyu ƙwallo ɗaya tak ta ƙara shiga, ita ma sai a minti na 83. Za a ce Amurka ta sassauta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a fili ana masa shida ya san cewa ta bakwai da ta takwas da ta tara ba sa wuyar zuwa, in ba an samu wanda ya tsayar da jinin ba.

Kwana uku ne tsakanin wannan dare da wasan Denmak, har da tafiya daga Shikago zuwa Landover da ke gefen Washinton. Lissafin rukuni a fili yake: in Denmak ta yi nasara, Najeriya ta tattara kayanta, domin bakwai ɗin nan sun lalata mata bambancin ƙwallaye. A irin waɗannan kwanaki ba a koya wa kowa sabuwar dabara, jiki ma bai gama warwarewa ba. Ƙungiyar da aka yi wa bakwai takan kamu da ɗayan cuta biyu. Ko ta tsorata, ta koma ta cushe a gaban ragarta tana jiran abin da zai zo, ko ta fusata, kowacce ta fita neman ramuwa ita kaɗai. A sansani kuma sai a fara nuna yatsa, 'yan gaba su ce 'yan baya ne, 'yan baya su ce ba a dawowa taya su. Abin da gwani kan yi shi ne ya yanka kashin da aka sha gunduwa-gunduwa har ya zama abin da za a iya haɗiyewa. Ga minti 18 da kuka riƙe mafi ƙarfin ƙungiya a duniya, wannan ku ne. Ga minti huɗu da komai ya rushe, wannan shi za mu gyara. Sauran a bar shi a garin da aka yi shi.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar 27 ga Yuni, ƙungiyar da aka zura wa bakwai ta hana Denmak ko ɗaya, Denmak ɗin da ta kai wannan zagaye na takwas a 1991 da 1995. Akide ta ci a minti na 25, Okosieme ta rufe a na 81.

To me ake yi a cikin minti 15 ɗin nan? Da farko ma ba su cika 15 ba. Kafin a bar fili a isa ɗaki biyu ko uku sun tafi, kuma dole a ware wasu na komawa. Wadda ta shigo tana haki, ƙirjinta na dukan tara-tara, ba ta jin magana ko da lasifika aka yi mata. Sai ta zauna, ta sha ruwa, likita ya duba ƙafar da aka taka. Kocin da ya san aiki yakan bar waɗannan mintoci su wuce bai ce uffan ba, ko da ransa na tafasa. Abin da zai rage masa bai fi minti biyar ko shida ba, kuma a cikinsu zai juye duk abin da ya tara yana tsaye a bakin layi.

Nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Dukansu sun ga kurakurai goma, ashirin ma. Ɗan koyo zai lissafa su kaf, tunda kowanne gaskiya ne, 'yan wasa su fita kai ya cika, ƙafa ba ta san abin yi ba. Gwani yakan nemi uwar kuskuren, wadda ta haifi sauran. A ce ana ta ratsa tsakanin 'yan baya da dogayen ƙwallaye, 'yan kallo na ta zagin 'yan bayan, alhali ciwon yana can gaba: ba wanda ke takura wa mai raba ƙwallo, tana da sararin ɗaga kai ta zaɓi inda za ta aika. In ka ce wa 'yan baya su ƙara ƙoƙari, ba ka gyara komai ba, ka dai ƙara musu nauyi. In ka ce wa 'yan gaba biyu su hau kan mai rabon nan kada ta sake juyowa, ka ce wa layin baya ya matso taku goma ramin tsakiya ya rufe, ka kashe kurakurai bakwai da magana biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma inda ruwa ke ɗiga daban, inda ya shigo ta rufin daban, kuma na biyun ake biyan koci ya sani.

Sai abin da ba a zana shi a allo. Mutum 11 ne a gabanka, kowacce da irin zuciyarta. Akwai wadda in ka daka mata tsawa gaban 'yan'uwanta za ta fita ta cinye fili. Akwai wadda tsawar nan za ta kashe mata gwiwa har a tashi, ita sai an ja ta gefe an yi mata magana ƙasa-ƙasa. Akwai wadda ta riga ta hukunta kanta tun a fili, tuna mata laifinta zalunci ne. Ba a ranar wasa ake samun wannan sani ba. Tun a sansani ake tara shi, a wurin cin abinci, a cikin mota, a yadda kowacce ke karɓar gyara ranar da ba ɗan kallo ko ɗaya. Tun ran gini, tun ran zane.

Ranar 1 ga Yuli, a Landover ɗin dai, aka gwada duk wannan a lokaci guda. Birazil ta zo da Sissi, wadda ta gama gasar da ƙwallo 7, kafaɗa da kafaɗa da Sun Wen ta Sin a saman jerin masu ci. Cidinha ta ci a minti na 4, ta ƙara a na 22, Nenê ta sa ta uku a na 35. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Shikago mako guda kafin nan ya san inda aka dosa.

Tun kafin a tafi hutu Mabo ya sauya mai tsaron raga. Ann Chiejine, wadda ke tsare wa Najeriya raga tun 1991, ta fito, Judith Chime ta shiga. Canji uku kacal doka ta yarda da su a wancan lokaci, don haka mai ci uku a kansa in ya kashe ɗaya a raga, da biyu zai nemi ƙwallayen da yake bukata. Amma sabuwar fuska a raga saƙo ce ga sauran goman ko ba a furta ba: an shafe allo, a fara sabon lissafi. Da aka dawo, Najeriya ta matso, ta hau kan 'yan Birazil tun daga gidansu, ta hana su numfashin da suka yi ta sha a rabin farko. Prisca Emeafu ta rage ɗaya a minti na 63. Okosieme ta sa ta biyu a na 72. A na 85 Nkechi Egbe ta farke. Ƙwallo uku cikin minti 22, a ragar Birazil, a wasan da in ka faɗi ka tafi gida.

Minti biyu bayan haka Patience Avre ta samu katin gargaɗi na biyu, aka kore ta. Mutum goma suka shiga ƙarin lokaci, a zamanin dokar ƙwallon zinare, wadda ta ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci an tashi nan take, ba damar ramawa. Suka riƙe har minti na 104, sannan Sissi ta samu bugun tazara a wajen da'ira ta lanƙwasa ta cikin raga. 4 da 3. Shekara 27 bayan Ibadan, kwale-kwale ya sake kifewa a bakin gaɓa.

Adalci ya sa in faɗi abu biyu. Ƙwallo taran nan na rabin farko su ma a littafinsa suke, ba a na wani ba. Ƙungiyar da ba ta saba karo da manya ba a cikin fili take fara jin nauyinsu, minti 45 na farko su ne karatun, kuma karatu ne mai tsada. Sannan ƙasashe 16 ne a gasar ta 1999, daga rukuni kai tsaye ake shiga sahun takwas, ba kamar yanzu da sai an ƙara tsallake wani zagaye ba. Duk da haka, wanda ya raina abin ya dubi 2003. An koma Amurkar ba tare da Mabo ba, aka buga wasa uku, aka sha 11, ba a ci ko ɗaya ba.

Sakamakon 1999 ya ba Najeriya gurbi a wasannin Olamfik na 2000 a Sidni, inda Sin da Norway da Amurka kowacce ta doke ta 3 da 1. Mai tsaron ragar da aka cire a Landover ita ce a raga a can, kuma wannan ma gwaninta ce: ka cire mutum gaban duniya ba tare da ka karya shi ba. A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta riƙe kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ta ci masu masauki 2 da nema a wasan da aka tsayar kafin lokaci ya cika saboda jifa daga 'yan kallo. A 2004 aka sake kiran Mabo don Olamfik na ƙasar Girka. Najeriya ta doke Japan 1 da nema, ta kai sahun takwas, ta haɗu da Jamus mai riƙe da kofin duniya, wadda a gasar nan ta yi wa Sin 8 da nema. Aka tafi hutu ba ci. Minti huɗu da dawowa Akide ta ci, kuma sai a minti na 76 Jamus ta samu farkewa, ta ƙara a na 81.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da ya kamata mu mutanen Arewa mu fi kowa ganewa. Namijin da aka danƙa wa 'ya'yan mutane mata, wata ma shekararta 16, ya kwashe su zuwa wata nahiya na makonni, amana aka ba shi kafin a ba shi ƙwallo. Ƙwallon mata a ƙasashe da dama, har da masu arziki, ta sha fama da masu horarwa da suka ci wannan amana, 'yan wasa suka bar sana'ar da tabo a zuciya. Shi ya sa ma'aunin da na fi yarda da shi wajen auna koci shi ne waɗanda suka bi ta hannunsa, sun guje wa aikin ko sun zauna a cikinsa. Kyaftin ɗinsa ta 1999, Florence Omagbemi, ita ce kocin da ta ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a Yawunde ranar 3 ga Disamba, 2016, da ci 1 da nema a kan Kamaru. A gefenta kan benci akwai Ann Chiejine da Perpetua Nkwocha, wadda ta je Sidni tana matashiya ta kuma zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka har sau huɗu. Mercy Akide ita ce ta fara karɓar wannan kambu a 2001. Da na kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka a Rabat a watan Yulin 2025, Maroko na gaba da 2 da nema a hutu, Falcons suka dawo suka ci 3 da 2, Landover ce ta faɗo mini a rai. Wasu 'yan wasa ne, wani koci ne, amma halin gidan bai sauya ba.

Na san abin da ya sa sunansa bai zaga majalisunmu ba. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa ba a son ganin 'ya mace a filin ƙwallo, saboda sutura da cuɗanya, kuma masu wannan ra'ayi da gaske suke, kishin 'ya'yansu ne. Tun 2014 dokar wasan ta amince da rufe kai, a 2023 ma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta, amma wannan bai rufe muhawarar ba, kuma kowa na iya tsayawa inda ya tsaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu bar muhawarar ta ɓoye mana gwani. Kocin unguwa a Fagge ko Tudun Wada, mai tara yara maza da yamma a filin makaranta, wanda ba shi da allo sai ƙasa da tsinke, ya fi kusa da Mabo fiye da yadda yake kusa da Guardiola. Shi ma ba ya sayen kowa. Shi ma da waɗanda ya samu yake aiki, kuma shi ma ranar da aka yi masa uku kafin hutu zai tara su a inuwar bango yana da minti biyar da magana biyu.

Isma'ila Mabo ya rasu a Jos ranar Litinin, 13 ga Maris, 2023, yana da shekara 78. Ranar 7 ga Agusta na shekarar, a kofin duniya, a Brisbane ta ƙasar Ostireliya, Falcons suka tsaya wa Ingila mai riƙe da kofin Turai minti 120 ba ci, wasa ɗaya tsakaninsu da inda ya kai su. Aka je bugun fenariti, Ingila ta wuce da 4 da 2. Ranar bai cika wata biyar a ƙasa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.